Halittun nan na finafinan zanen Japan, ƙirƙirar masu fim ne ko daga tatsuniyarsu aka ɗebo?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun daren jiya. Ɗiyata mai shekara tara ta matsa sai mun kalli fim ɗin zanen nan na Japan, Spirited Away, wanda iyayen wata yarinya Chihiro suka rikiɗe suka koma aladu, ita kuma ta kama aiki a gidan wankan halittun ɓoye. Na zauna ne don in ga abin da take kallo, sai ga shi na kai ƙarshe ban ko motsa ba.

Akwai inda wata halitta ta shigo gidan wankan, laka ce tun daga kai har ƙafa, wari ya sa kowa ya toshe hanci ya ja baya. Chihiro ta laluba jikin halittar, ta ji wani abu ya cake. Aka ɗaura igiya, ma'aikatan gidan suka haɗu suka ja, sai ga keke ya fito, bayansa tarkacen shara tuli guda. Ashe mai wani kogi ne, mutane suka yi ta jibga masa shara har kamanninsa suka ɓace. Da ya wanku sai fuskar wani tsoho ta bayyana a cikin ruwan. Wallahi sai da na share hawaye.

Tambayata: waɗannan halittun mai fim ne ya zauna ya ƙago su, ko dama suna cikin tatsuniyoyinsu? Sannan Ilham ta ce, "Mama, to waye mugun?" Na rasa amsar da zan ba ta, don ko tsohuwar da ke da gidan wankan, duk son kuɗinta, ga ta tana rawar jiki a kan jaririnta.

Sufyan Makaranci:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Amsar ita ce duka biyun. Wasu Miyazaki, wanda ya shirya fim ɗin, shi ne ya ƙago su, kamar baƙin nan mai farar fuska da ba ya magana. Amma ƙasar da ya shuka su a kai tsohuwa ce. A addininsu na gargajiya, Shinto, dutse da kogi da tsohuwar bishiya kowanne na iya samun mai shi, wanda suke kira kami. Suna da wata magana cewa kami miliyan takwas ne, ma'ana sun fi ƙarfin ƙirge. Shi ya sa za ki ga an zagaye wata ƙatuwar bishiya da igiyar da aka tufka da karan shinkafa, alamar a kiyaye ta.

Sunan fim ɗin ma a harshensu yana ɗauke da kalmar kamikakushi, wato kami ya ɓoye mutum. Haka mutanen ƙauye ke faɗa a da in yaro ya ɓata ba a ga sawunsa ba. A 1910 wani masani, Yanagita Kunio, ya wallafa labaran da aka tattaro daga garin Tono a yankin Iwate, kuma cike suke da irin wannan ɓatan. A ciki akwai kappa, ɗan halittar ruwa. Yadda aka saba siffanta shi, bayansa irin na kunkuru ne, da ɗan kwano a tsakar kansa cike da ruwa. Yana jan dawakai da yara cikin kogi, amma yana da ladabi: in ka rusuna masa dole ya rama, ruwan ya tsiyaye, ƙarfinsa ya ƙare. Kin ga tun daga tushe halittar ga haɗari ga kunya a jiki ɗaya. A ganina nan ne amsar Ilham take.

Keken nan kuwa ba daga tatsuniya ya fito ba. Miyazaki ya ba da labarin cewa ya taɓa shiga aikin gayyar yashe wani kogi, suka zaƙulo keke daga laka. Fim ɗin ya fito a 2001, ya ci Oscar a 2003.

Baban Hanif:

Malam Sufyan ya yi bayani, Allah ya saka. Ni abin da zan ƙara, tunda an ce abin ya samo asali daga addininsu, kada a bar yara su kaɗai da shi. Nawa suna kallo, amma ina zama tare da su, in mun ga an rusuna wa bishiya in ce wannan aƙidar mutanen can ce, mu ga tamu. Ba na hana su, don na lura bayan sun kalla tambayoyinsu kan ƙaru, kuma gara su tambaye ni.

Anti Zulai:

Baban Hanif gaskiyarka, haka nake yi da jikokina. Amma ni ban yarda tatsuniyar ce kaɗai ke kama zuciya ba. Da a ce dodanni aka jera mana kawai, da an kalla sau ɗaya an manta. Abin da ke riƙe mutum shi ne kusan kullum halittun nan ana korarsu ne daga muhallinsu.

Maman Ilham ki nemi fim ɗin Pom Poko na Takahata, wani mai shirya finafinan zane na Japan, 1994. Labarin tanuki ne, wata gajeriyar dabba dangin kare mai baƙi-baƙi a kewayen ido, wadda tatsuniyarsu ta ce tana rikiɗa ta yaudari mutane. Tsaunukan Tama da ke yammacin Tokiyo su ne gidansu, kuma da gaske tun shekarun 1960 aka fara baje wurin ana gina sabon gari. Dabbobin suka tattara duk dabarar da suka gada, suka yi jerin gwanon dodanni a titi cikin dare don mutane su firgita su bar aikin. Mutanen gari suka fito suna kallo suna jin daɗi, daga baya wani mai wurin wasanni ya ce tallarsa ce. Wannan wurin ya fi komai ci min rai. Sun kawo abu mafi tsoratarwa da suke da shi, babu wanda ya ji tsoro.

Haka a Princess Mononoke na 1997. Matar da ke sare kurmi don narka ƙarfe ita ce kuma ta fanso mata daga gidajen karuwai, ta ɗauki kutare ta ba su sana'a lokacin da kowa ke gudunsu. To a ce mata muguwa? Kurmin ma ba daga ka aka zana shi ba, masu zanen sun je tsibirin Yakushima, inda ake da bishiyoyin da suka haura shekara 1,000. Sai dai wannan ba na 'yar shekara tara ba ne, akwai jini sosai, ki jinkirta mata shi.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Hanif na ɗauki shawararka. Anti, maganarki ta sa na tuna wani wurin da ban fahimta ba sai yanzu. Yaron nan Haku na cikin Spirited Away da ya manta sunansa, shi ma mai wani kogi ne, Kohaku, wanda aka cike aka gina benaye a kansa. Tsohon nan an wanke shi ya tashi ya koma koginsa. Shi Haku babu kogin da zai koma. Abin da ya rage masa kawai yarinyar da ta taɓa faɗawa cikinsa tana ƙarama, ta tuna sunansa ta faɗa masa.

Ilham ta dawo daga makaranta ɗazu na karanta mata labarin kappa. Tun daga lokacin take rusuna wa ƙaninta, wai ta ga ko ruwan kansa zai zube. Malam Sufyan, tana tambaya me kappa ke ci in bai samu doki ba.

Sufyan Makaranci:

Ki ce mata kokwamba, ita ya fi so. Har yau a Japan naɗin shinkafa mai kokwamba a tsakiya sunansa kappamaki.