Shafukan da nake manna guntayen takardu suna yamutsewa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan ina manna guntayen takardu a wani littafi, irin su tsofaffin ambulan, kan sarki, tikitin mota da busassun ganyaye, sannan in rubuta abin da ke raina a gefensu. Damuwata ita ce da zarar gam ya bushe sai shafin ya yamutse, kuma wani rasidi da na liƙa don tunawa da ranar da na karɓe shi, yanzu rubutunsa ya ɓace ƙurmus. A ina kuskuren yake?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malama. Ruwan da ke cikin gam ne yake kumbura takarda, idan ta zo bushewa kuma sai ta tsuke ba daidai ba. Ki riƙa shafa gam kaɗan da burushi daga tsakiya zuwa gefe, ki shimfiɗa takardar leda a kan shafin don kada ya manne da na kusa da shi, sannan ki danne da littattafai masu nauyi har kwana guda. Shafi mai kauri, kamar mai nauyin giram 200 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, ya fi jure laima nesa ba kusa ba.

Amsa ta biyu:
Game da rasidin, yawancinsu ba da tawada ake buga su ba, zafi ne ke fito da rubutun a kan wani sinadari, shi ya sa haske da zafi da wasu nau'o'in gam suke goge shi. Ki ɗauki hotonsa ki buga, ki manna kwafin. Ki kuma guji salatif, domin da shekaru yakan yi rawaya ya saki, ya bar tabo.

Amsa ta uku:
Ni kam ban ga laifin tsufan takarda ba. Yankunan jaridar da shahararren mai zane Picasso ya manna a ayyukansa tun 1912 sun rine sun koma ruwan ƙasa, mai zane Kurt Schwitters na Jamus kuma da tikiti da tarkacen titi ya gina ayyukansa, kuma har yau ana zuwa kallonsu. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne ganyen: ki matse shi cikin takarda kamar mako biyu kafin ki liƙa, in ba haka ba zai yi fumfuna. Idan littafin ya fara ƙin rufuwa, ki yanke wasu fararen shafuka ki bar ɗan siriri a gindinsu, domin ɗinkin ya samu sarari.