Shin ɗaure idon sawu yana hana targaɗe?

Koci Awudu: Assalamu alaikum. Abin da na faɗa jiya a filin ƙwallo na Kawukudi da ke Accra ina nan a kansa. Daga wannan mako babu yaron da zai buga mini wasa sai an ɗaure masa idon sawu da filasta, domin ɗauri yana hana targaɗe. Yara uku ne suka kwanta mini a wata guda, kuma dukkansu ƙafa ce ta lanƙwashe ciki.

Fuseini: Wa alaikumus salam. Koci, a yi mini afuwa, ban gamsu ba. Shekara shida na yi ina tsaron baya a unguwar Nima, kuma filastar da aka ɗaure mini tamau kafin a take leda, kafin hutun rabin lokaci gumi ya jiƙa ta ta saki. Idan na cire safa sai in tarar ta tattare a dunduniya kamar tsumma, jar ƙasar filin sakora, wato filin da ba ciyawa, ta manne mata. Abin da ya saki tun wasa bai yi nisa ba, me zai riƙe a minti na 80?

Anti Rabi: Fuseini, a kan sakin ka yi gaskiya, domin farar filasta marar talewa tana rage ƙarfi bayan kamar minti 20 zuwa 30 ana gudu. Sai dai a aikinmu na gashin ƙashi ba ma auna ta da ƙarfin riƙo kaɗai. Wanda ya taɓa yin targaɗe, jijiyoyin da ke gefen waje na idon sawunsa sun riga sun tale, kuma ƙafar ba ta saurin gane cewa ta karkace. Jan da filastar take yi wa fata shi ne yake farkar da ita. Irin wannan ɗan wasa ne ɗauri ya fi yi wa amfani. Yaron da bai taɓa jin ciwo ba kuwa, Koci, ribar kaɗan ce idan aka dubi kuɗin filastar da za ka riƙa zubarwa kowace Asabar.

Alhaji Baba: 'Ya'yana, a zamaninmu bandeji ɗaya muke wankewa mu shanya mu sake naɗawa, idan ƙafa ta kumbura kuma a nufi wurin mai ɗori. Yanzu ina ganin jikokina da wani shuɗin abu manne a cinya.

Anti Rabi: Baba, wannan ita ce filasta mai talewa da Kenzo Kase ya ƙirƙiro a Japan a shekarun 1970, kuma ba ta ƙanƙame gaɓa yadda farar take yi. Bandejinku ma aikinsa danne kumburi ne tare da ƙanƙara, ba hana ƙafa lanƙwashewa ba. Batun mai ɗori kuwa, ina roƙon alfarma: duk yaron da ya kasa yin taku huɗu, ko ya zabura da an taɓa ƙashin idon sawun, a fara ɗaukar masa hoto kafin kowa ya ja ƙafar.

Koci Awudu: Anti, na karɓi rabin maganarki. Waɗanda suka taɓa targaɗe ne kawai zan ɗaure wa, sauran kuma za su riƙa yin motsa jikin FIFA 11+ na minti 20, wato atisayen ɗumama jiki da aka tsara don rage rauni, har da tsayuwa a ƙafa ɗaya.

Fuseini: Ni har yanzu ramukan filin nake zargi, Koci. Amma idan ka nace, ka ɗaura ta a ƙarƙashin safa, domin doka ta ce wadda aka naɗa a kan safa dole launinsu ya zo ɗaya, kuma safarmu ja ce.