Sassaƙar dutse a dandalin garuruwan Rumawa: da wanne za a fara?

Ɗaliba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara kan adon dutsen da Rumawa suka sassaƙa a dandalin garuruwansu na larduna, ba na birnin Rum ba. Idan za a zaɓi wuri biyu ko uku a nazarta sosai, ko da ta hotuna ne, waɗanne suka fi koyarwa? Kuma me ido zai nema?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ki fara da Merida ta Sifaniya, garin da aka kafa wa tsofaffin sojoji a shekara ta 25 kafin Miladiyya. A saman ginshiƙan rumfar dandalin an jera faya-fayen dutse masu siffar garkuwa, wani da fuskar gunkin Jupiter Ammon mai ƙahon rago, wani da fuskar Medusa, macen tatsuniyar Girka mai gashin macizai, a tsakaninsu kuma siffofin mata a tsaye kamar suna ɗauke da rufin. Ba mutanen Merida suka ƙirƙiro tsarin ba, daga dandalin Sarki Augustus na birnin Rum suka kwaso shi, wanda aka buɗe a shekara ta 2 kafin Miladiyya. Irin garkuwan nan sun sake fitowa a Tarragona ta Sifaniya. Ki jera hotunan wuraren uku, za ki ga abin da aka kwafa daidai da abin da hannun masassaƙin lardi ya sauya. Gutsattsarin na asali suna gidan tarihin Merida da aka buɗe a 1986.

Injiniya: Allah gafarta Malam, ni da Leptis Magna ta Libiya zan ce ta fara. Merida guntaye ne aka harhaɗa, Leptis kuwa bango na tsaye. Sarki Septimius Severus ɗan garin ne, shi ya ɗora sabon dandali, ɗansa Caracalla ya kammala a 216. Filin kimanin mita 100 ne a tsawo, 60 a faɗi. Kawunan Medusa da yanzu ake gani a jere ƙasa-ƙasa, asalinsu a sama suke, kowanne a kusurwar da bakan gini biyu suka haɗu. Shi ya sa aka zurfafa idanu da murɗin gashi: daga nesa ake son a gan su. Wanda ya ce aikin ya yi kaushi don ya kalle shi a gaban hancinsa bai yi masa adalci ba.

Ki duba dutsen ma. Koren mabul na ginshiƙan rumfa daga tsibirin Yubiya na Girka ya zo, jan giranit na babban zauren shari'a daga Aswan ta Masar. Mabul mai mita ɗaya ta kowane ɓangare ya kai kusan tan 2.7, kuma duk ta teku aka yi dakonsa.

Malamin Tarihi: Ba musu, Injiniya, sai dai Leptis aljihun sarki ne ya gina ta. Yawancin garuruwa attajiransu ne ke biya, da dutsen da ke kusa. Wanda ya fara da Leptis zai raina sauran.

Mai Sassaƙa: Ƙanwata, ki koyi karanta sawun ƙarfe, sai kowane gari ya buɗe miki. Aikin mataki-mataki ne. Da farko cizal mai tsini da guduma, a fitar da siffa a gurguje, yana barin ramuka da dogayen tsagu. Sai cizal mai haƙora, sawunsa layuka ne ƙanana jere da juna. Sai mai faɗin baki ya share su, sannan magagari, sannan a goge da yashi ko dutsen gogewa. Ɓangaren da ido zai gani ne kawai ake kaiwa ƙarshe. Ki nemi hoton bayan dutse ko gefen da ya shige bango, can za ki tarar da matakin farko yadda aka bar shi.

Sai mahuji. A ganyen kan ginshiƙi za ki ga ƙananan ramuka zagayayyu a jere: huda ake yi kusa da kusa, sannan a fasa tsakaninsu da cizal ya zama kwari mai inuwa. Inda aka yi gaggawa ba a fasa ba, ramukan na nan. A ginshiƙan bangon zauren Leptis, masu kurangar inabi da labarin Hercules da Dionysus na tatsuniyar Girka, an huda har ganyen ya kusa rabuwa da jikin dutsen. Kyau kam akwai, amma irin wannan ne ke fara karyewa.

Domin wannan darasi babu kamar Afrodisiyas ta Turkiyya. Mahaƙar mabul tana gefen gari, an tono ɗakin aikin masassaƙa da kayan da ba a gama ba, ga kuma rumfar Tiberius mai doguwar sarƙar fuskoki da furanni.

Ɗaliba: Na gode Yaya. To ramukan nan masu kusurwa huɗu da ke jikin duwatsu fa, su ma ado ne?

Injiniya: A'a. Wanda yake a tsakiyar saman dutse, ƙasansa ya fi bakinsa faɗi, na ƙarfen ɗagawa ne. Na gefe-gefe kuma mazaunin ƙarfen da ke ɗaure dutse da ɗan'uwansa ne, ana narka dalma a zuba a kansa don kada ruwa ya taɓa shi. Inda dalmar ba ta rufe ba, ƙarfen ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga dutsen daga ciki. Manyan ramuka marasa tsari a mahaɗar duwatsu aikin mutanen baya ne masu haƙo ƙarfe da dalma. Mabul mai yawa kuma an ƙone shi an yi farar ƙasa. Gyaran da aka yi a ƙarni na 20 da siminti da rodi shi ma ya jawo ɓarna, rodin na tsatsa, simintin na tura gishiri cikin dutse.

Malamin Tarihi: Akwai wasu ramukan da rubutu ne. A goshin Maison Carrée, haikalin dandalin Nim a Faransa, haruffan tagulla sun ɓace, ramukan ƙusoshinsu suka rage. Da waɗannan ramukan wani masani Bafaranshe, Séguier, ya karanto rubutun a 1758. Kuma kada farin dutse ya ruɗe ki, da fenti a jikinsa. Haikalin da ake kira na Diana a Merida ma giranit ne aka yi wa yaɓe, a kan yaɓen aka fitar da ƙananan ado.

Mai Hoto: Ku bar kallon sama haka nan, ƙasa ma akwai aiki. A Dugga ta Tunisiya, kusa da babban haikalin da aka gina a 166 zuwa 167, an zana da'ira a daɓen fili da sunayen iskoki 12. A Timgad ta Aljeriya, wadda Sarki Trajan ya kafa a shekara ta 100, masu zaman dandali sun sassaƙa allon wasa a dutse, kamar gurbin dara a gindin bishiya. Irin wannan zane ba ya fita da tsakar rana. Sai da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe. Ki ajiye ruler a gefen abin kafin ki ɗauka, kada ki zuba ruwa, kada ki goga alli don rubutu ya fito.

Mai Sassaƙa: Hajiya mai hoto ta tuna min abu ɗaya. Kafin ki yi hukunci kan sawun ƙarfe, ki tabbatar na asali kike kallo. Allunan da ke jikin babbar ƙofar baka ta Severus a Leptis kwafi ne, na asali an kai su gidan tarihi a Tarabulus. Kwafin da aka zuba a mazubi launinsa ɗaya ne ko'ina, ba jijiyar mabul, kuma yakan bar 'yan ramukan kumfa da siririn layi a inda mazubin ya haɗu.