Iri mai juriya ne, me ya sa tumatir ke yin yaushi a Ikorodu?

Manomin_Ikorodu: Assalamu alaikum. A jikin fakitin irin tumatir an rubuta cewa yana jure cutar bakteriya, amma a gonakin Ikorodu da Epe da damina sai ka ga tsiro kore shar da safe, da rana ya langaɓe, kwana uku ya mutu, ganyen ko rawaya bai yi ba. Shin tsiro na gane ƙwayar cuta da gaske, ko dabarar talla ce?

Malama_Agege: Wa alaikumus salam, Malam. Yana ganewa, kuma hawa biyu ne. A fatar tantanin tsiro akwai furotin masu gadi. Wanda aka fi sani shi ne FLS2, da aka gano a shekarar 2000. Jelar da bakteriya ke iyo da ita an gina ta da wani furotin, to wani guntu nasa mai amino asid 22 shi FLS2 ke cafkewa, sai ya haɗe da abokin aikinsa BAK1. Cikin mintuna kalsiyam ya kwarara cikin tantani, a fesa sinadaran iskar oksijin masu ƙuna, ƙofofin numfashin ganye su rufe, daga baya a ƙara wa bango kauri da wani sinadari mai suna kalos.

Ita ma bakteriya da shirinta take zuwa. Tana da bututu mai siffar allura da take ɗura furotin nata cikin tantani don kashe wannan ƙararrawa. Nan hawa na biyu ke shigowa. Bakteriyar ɗigon baƙi a ganye, Pseudomonas syringae, tana ɗura furotin biyu, AvrPto da AvrPtoB. Idan tumatir na da ƙwayar gado ta Pto, wadda aka ware a 1993, furotin Pto zai kama su, abokin aikinsa Prf ya tada yaƙi, tantanin wurin su kashe kansu cikin kwana guda, cutar ta maƙale a ɗan tabo. Wataƙila juriyar da ke jikin fakitin ke nan. Tana aiki kan wannan bakteriyar kaɗai, kuma ko a cikinta akwai nau'in da ya kuɓuce wa Pto. Ita kuwa cutar ɗigo ta fi son sanyi irin na Jos, ba ita ce damuwar Legas ba.

Dakta_B: Abin da Malam ya siffanta ya fi kama da aikin wata bakteriyar daban, Ralstonia solanacearum. A ƙasa take zama, ta shiga ta raunin saiwa, ko na fartanya ko na tsutsar nematod, ta hau jijiyoyin ruwa ta cika su da yauƙi har ruwa ya kasa hawa. Guntun jelarta ya sha bamban, don haka FLS2 na tumatir ba ya ganinta, ga tarin furotin da take ɗurawa, sun haura 50. Zafi da laimar Legas kuwa abin nema ne gare ta.

A gwada kafin a kashe kuɗi. Yanki kara kusa da ƙasa, tsawon ɗan yatsa, ka rataye shi bakinsa cikin ruwa a kofin gilashi, kada ka motsa. Cikin minti 5 zuwa 10, in ita ce, za ka ga farin zare kamar madara yana sauka daga yankan. In babu, a duba naman gwari na Fusariyam. Feshin maganin tagulla asara ce a nan, domin a kan ganye yake tsayawa, cutar kuma tana cikin kara.

Manomin_Ikorodu: Allah ya saka da alheri, Dakta. To babu irin da ke ganinta ke nan?

Dakta_B: A ɗakin bincike an yi nasara. Dangin kabeji suna da wani mai gadi, EFR, mai gane furotin EF-Tu na bakteriya, wanda tumatir ba shi da shi. A 2010 an sa shi cikin tumatir, ya rage yaushin sosai. Amma ba za ka samu wannan a shagon iri ba.

Abin da ke hannu shi ne aure. Ana ɗora tumatir kan saiwar wani irin tumatir mai suna Hawaii 7996 ko gautar EG203. Juriyar Hawaii 7996 ta ƙwayoyin gado da yawa ce, manyansu a kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 6 da na 12: ba sa hana shiga, suna dai tsare bakteriyar a saiwa da gindin kara. A yanka duka biyun a karkace, kaurinsu ɗaya, a maƙale da ɗan roba, a ajiye a inuwa mai laima kamar mako guda. Kuskuren da aka fi yi wajen dashe shi ne binne mahaɗar. Da ta taɓa ƙasa sai na sama ya fitar da saiwarsa, aikin ya tashi a banza.

Malama_Agege: Ƙari kaɗan, Dakta. Tsananin zafi na raunana wannan juriyar, don haka a ɗaga kunya, kada ruwa ya kwanta. A tumɓuke mai cutar da ƙasar gindinsa, a tsoma wuƙa cikin bilic kashi 1 da ruwa kashi 9. Kada a bi bayan tumatir da tattasai, attarugu ko dankalin turawa a wurin. Masara za a sa na shekara 3 zuwa 4.