Azumin Otodoks da addu'ar haɗin kan Kirista: neman ƙarin bayani

Saratu:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske game da Ikilisiyar Otodoks ta ƙasashe irin su Girka da Rasha. Na fahimci cewa a sujadarsu suna roƙon Allah zaman lafiyar duniya da haɗin kan kowa, amma a yawancin shekaru ba sa fara azumi tare da Katolika da Angilikan, ba sa yin Ista rana ɗaya da mu, kuma ba sa ba wanda ba nasu ba Jibin Ubangiji. Ta yaya wannan ya dace da addu'ar Yesu a Yohanna 17:21, cewa dukansu su zama ɗaya?

Baba Bitrus:
'Yata Saratu, maganar rana ita ce mafi sauƙi a cikin tambayarki. Tun zamanin taron Nikiya na shekarar 325 ƙa'idar guda ce: Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko bayan dare da rana sun daidaita a watan Maris. Bambancin ya shigo ne a 1582, lokacin da Paparoma Giregori na 13 ya gyara kalanda, su kuma Otodoks suka ci gaba da lissafin Ista da tsohuwar kalandar Yuliyus, wadda yanzu take baya da kwana 13. Shi ya sa wata shekara tazarar take kai mako biyar, wata shekara kuma a haɗu, kamar ranar 20 ga Afrilu 2025. An yi taro a Halab ta Siriya a 1997 domin a tsayar da rana ɗaya, amma shawarar ba ta yi aiki ba.

Malam Ishaya:
Abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai a ganina amsar tana cikin yadda suke buɗe azumin. Ba su da Larabar Toka. Da yammacin Lahadin da ake kira Lahadin Gafara, bayan an karanta Matiyu 6 da safe, firist yakan tsaya gaban jama'a ya sunkuya ya nemi gafararsu, sannan kowa ya bi layi yana sunkuyawa gaban ɗan'uwansa, babba da yaro, yana cewa a gafarta masa, ana amsa masa da cewa Allah ne mai gafara. Nama an riga an bar shi mako guda kafin nan, washegari Litinin kuma ake barin ƙwai da madara har zuwa Ista, kifi ma sai a ranaku ƙalilan. A ranakun mako kuma ana yin addu'ar da ake dangantawa da Ifraimu mutumin Siriya, wanda ya rasu a 373, goshi a ƙasa, kuma ƙarshenta roƙo ne cewa mutum ya ga laifin kansa, kada ya hukunta ɗan'uwansa.

Game da Jibin Ubangiji, 'yar'uwa, su a wurinsu shan ƙoƙo ɗaya shaida ce cewa an riga an zama ɗaya a bangaskiya, saboda haka ba a gabatar da shi kafin sulhu ya tabbata. Abubuwan da suka raba su da Roma kuwa suna nan: iyakar ikon Paparoma, da kalmar da ikilisiyar Yamma ta ƙara a cikin shaidar bangaskiya cewa Ruhu Mai Tsarki yana fitowa daga Uba da Ɗa. Paparoma Bulus na 6 da Fatiriyak Atenagoras, babban shugaban Otodoks na Kustantiniya (Istanbul ta yau), sun haɗu a Urushalima a 1964, suka janye a Disamban 1965 tsinuwar da Roma da Kustantiniya suka yi wa juna a 1054, amma janye tsinuwa bai mayar da tarayya ba.

Dauda:
Malam, da girmamawa, ina ganin ka yi musu sassauci. Rabuwar da ta fi ba ni ciwo tana cikin gidansu ne. A 2018 ikilisiyar Mosko ta yanke tarayya da ta Kustantiniya saboda batun kafa sabuwar ikilisiya mai cin gashin kanta a Yukren, kuma da Fatiriyak na Iskandariya ya amince da sabuwar ikilisiyar a 2019, sai Mosko ta kafa nata reshen a Afirka a ƙarshen 2021. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin majami'un Otodoks na Najeriya, masu hedikwata a Legas, tun asali ƙarƙashin Iskandariya suke. Waɗannan mutane koyarwarsu ɗaya, azuminsu ɗaya, addu'ar Ifraimu ɗin nan ma tare suke yin ta, rigimar kuwa ta iko ce da iyakar ƙasa.

Baba Bitrus:
Ban musa maka ba, ɗana. Zan ƙara da cewa Kibɗawan Masar da Habashawa, masu azumin kwana 55, wani iyali ne dabam da ya rabu tun bayan taron Kalsidon na 451 a kan yadda za a bayyana allahntakar Almasihu da mutuntakarsa. Malamansu da na Otodoks irin na Girka da Rasha sun zauna a Masar a 1989 da Suwizalan a 1990, suka sa hannu cewa bangaskiyarsu game da Almasihu ɗaya ce, amma har yau shugabanninsu ba su mayar da tarayyar Jibin Ubangiji a tsakaninsu ba.