Shawarwari ga 'yan gayid masu son fita waje

Da shugabannin 'yan gayid, wato ƙungiyar 'yan mata ta Girl Guides, suka tattauna batun fita ƙasar waje, abin da suka fi nanatawa shi ne a san ƙofa. Ƙungiyarsu ta duniya, WAGGGS, wadda aka kafa a 1928, tana da cibiyoyi biyar: Our Chalet a Suwizalan, Pax Lodge a Landan, Nuestra Cabaña a Meziko, Sangam a Pune ta Indiya, sai Kusafiri ta Afirka. Ta hannun ƙungiyar ƙasa ake bi, ban da dillalin da zai ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi.

Mai son aikin sa-kai a cibiya, in ta cika shekara 18, ta sani ba hutu za ta ba. Akwai gyaran ɗaki, wanke-wanke a kicin, da raka baƙi yawo, a bakin masauki da abinci. Wasu sun ce nan ne yarinya mai noƙe-noƙe take koyon tsayawa gaban jama'a, kuma na yarda da su.

Fasfo da katin rigakafin cutar shawara a tanade su tun kafin a samu gurbi, don biza ba ta san gaggawa ba.

An daɗe ana tattauna batun iyaye. Shawarar ita ce shugabar rukuni ta taka har gida, ta nuna wa Baba takardar gayyata da sunan wadda za ta tarbi 'yarsa. Waɗanda suka gwada sun ce hakan ya fi kiran waya nesa ba kusa ba.