Dubai zuwa Guangzhou awa nawa ne a jirgi?

Mai tambaya daga Agege, Legas: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan je saro kayan waya a Guangzhou da ke ƙasar China, ta Dubai zan bi. Mahaifiyata ta damu ƙwarai, ciwon ƙafa gare ni. Daga Dubai zaman awa nawa ne?

Ɗan Alaba Rago: Wa alaikumus salam. Kusan kilomita 5,800 ne, awa 7 zuwa 8 idan jirgin bai tsaya ba. Ƙanena, nemi kujerar bakin hanya, ka riƙa miƙewa kana takawa.

Hajiya daga Idi-Araba: Ɗana, lura da agogo. Guangzhou ta fi Dubai da awa 4, ta fi Legas da awa 7. Kada ka kira Mama tana barci. Allah ya kiyaye hanya.